Yaya ake koyar da ƙa'idojin rabawa ba tare da yara sun cakuɗa su ba?

Malamar Lissafi, Tudun Wada:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina yi wa malamai da iyayen da ke wannan zaure fatan alheri. Ina koyar da lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Tudun Wadan Zariya, kuma na zo ne neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Batun shi ne ƙa'idojin da ake gane ko adadi zai rabu gida kaza daidai, ba ragowa, tun kafin a zauna a yi doguwar rabawa. Na rubuta su a allo kamar yadda suke a littafi: 2 tana shiga duk adadin da ya ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, 5 tana shiga wanda ya ƙare da 0 ko 5, don gwada 3 da 9 sai a tara lambobin adadin a duba jimillar, don gwada 4 kuma sai a duba lambobi biyu na ƙarshe. Yara sun kwafa, sun maimaita da baki har maƙwabtan ajinmu suna jiyo su. Da aka zo gwaji sai lamarin ya sha bamban. Da yawansu sun ce 3 tana shiga 23 saboda ya ƙare da 3, wasu sun ce 4 tana shiga 34 saboda ya ƙare da 4, wata yarinya kuwa, wadda tana cikin masu ƙoƙarin ajin, ta tara 1 da 3 ta sami 4, sai ta rubuta cewa 4 tana shiga 13. Ke nan sun riƙe dabarun, amma ba su san wace dabara ce ta wace lamba ba.

Ajin ya haura yara saba'in, darasi kuma minti arba'in ne, ga shi nan gaba kaɗan za mu shiga taƙaita kaso, irin mayar da 18/24 zuwa 3/4, wanda ba ya tafiya sai da wannan sani. Shin in ƙara matsa musu da hadda ne, ko akwai wata hanya? Kuma wane jeri ya kamata in bi wajen gabatar da ƙa'idojin?

Malamin Lissafi, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan tambaya. Yarinyar da ta ce 4 tana shiga 13 ba rashin ƙwaƙwalwa ke damun ta ba. An ba ta dabarar tara lambobi ba tare da an nuna mata inda ƙarfin dabarar ya fito ba, don haka babu abin da zai hana ta ɗauka cewa dabarar tana aiki a ko'ina. Muddin ƙa'idojin suna jere a allo daga 2 zuwa 10 kamar jerin sunaye a rajista, haka za su ci gaba da shiga wa yara juna.

Shawarata ta farko ita ce ki daina bin jerin 2, 3, 4, 5. Ki raba su gida biyu bisa dalilinsu, ki ba kowane gida ranarsa. Gida na farko shi ne na masu duban ƙarshen adadi: 2, 5 da 10, sai 4, sai 8. Gida na biyu shi ne na masu tara lambobi: 9 da 3. Kada ki haɗa su a darasi guda.

A gida na farko, kuɗi sun fi komai saurin fahimtar da yaro, domin babu ɗan Zariyar da bai taɓa zuwa aike ba. Ki rubuta ₦7,316 a allo, ki ce za a raba wa mutum huɗu. Ki tambaye su: takardar ₦100 guda za ta rabu tsakanin mutum huɗu? Za su ce miki kowa ₦25, tun kafin ki rufe baki. To idan ɗari guda ta rabu daidai, ɗari uku ma za ta rabu, dubu bakwai ma za ta rabu tunda ɗaruruwa ce aka tara. Abin da ya rage a tantance shi ne ₦16 ɗin ƙarshe kawai, ita kuwa ta rabu, kowa ₦4. Daga nan ne ƙa'idar lambobi biyu na ƙarshe ta fito, kuma yaron da ya ga haka ba zai sake cewa 4 tana shiga 34 ba, domin zai tuna cewa goma guda ba ta rabuwa gida huɗu, saboda haka ba a yin watsi da gurbin gomomi. A wajen 2 da 5 kuwa, goma tana rabuwa, shi ya sa lambar ƙarshe kaɗai ta isa. A wajen 8, ɗari ba ta rabuwa, amma dubu tana rabuwa, kowa ₦125, shi ya sa ake duban lambobi uku na ƙarshe: a 5,128 sai a duba 128, wanda yake 8 sau 16. Tambaya ɗaya ce a duka ukun: a cikin ₦10, ₦100 da ₦1,000, wace takarda ce mafi ƙanƙanta da ke rabuwa daidai? Duk abin da ke daga ita zuwa sama an gama da shi.

Gida na biyu ya fi buƙatar natsuwa, kuma ina fara shi da 9 ne, ba da 3 ba, domin a 9 dalilin ya fi fitowa fili. Ki sa a kawo miki tsinkayen tsintsiya a ɗaure su goma-goma da roba. Ki fito da yara tara gaban aji, ki kwance ɗauri guda, kowa ya ɗauki tsinke ɗaya. Tsinke guda zai rage a hannunki. Ki kwance na biyu, wani gudan zai sake ragewa. Kafin ki kai ɗauri na huɗu wani daga baya zai ɗaga murya ya ce kowane ɗauri guda yake bari. Sai ki koma allo: a ɗari, mutum tara za su sami 11 kowannensu, 99 ke nan, saura 1, a dubu za su sami 111 kowannensu, 999 ke nan, saura 1. Saboda haka a 4,572, dubu huɗu sun bar 4, ɗari biyar sun bar 5, gomomi bakwai sun bar 7, ga kuma 2 da ba a taɓa ba. Ragowar duka ita ce 4 da 5 da 7 da 2, wato 18, kuma 18 tana rabuwa gida tara. Abin da muke kira tara lambobi, ashe tara ragowa ne. Da zarar sun ga wannan, 3 ba ta da wuya, tunda 9 da 99 da 999 duk suna rabuwa gida uku.

Daga nan sai ki mayar wa yarinyar nan tambayarta: idan mutum huɗu suka raba ɗauri guda, tsinke nawa zai rage? Za ta ga biyu ne, ba ɗaya ba. Ita da kanta za ta gaya miki dalilin da ya sa tara lambobi ba ya aiki a 4.

Game da yawan aji, wannan aikin bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma yara tara ne kawai ke tashi daga wurin zamansu. A sauran lokacin nakan ba su shekarun da suka sani daga darasin tarihi maimakon alƙaluman da ba su da alaƙa da komai. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962: jimillar lambobin 18 ce, don haka 9 tana shiga, 218 ke nan, amma 4 ba ta shiga saboda 62. Shekarar samun 'yancin kai, 1960, 4 tana shiga, 5 ma haka, 8 ma haka, amma 3 ba ta shiga tunda jimillar 16 ce. Shekarar haɗe Kudu da Arewa, 1914, cika ce, wato 2 tana shiga, kuma jimillarta 15, wato 3 ma tana shiga, saboda haka 6 tana shiga. Kuma ƙa'idar 4 ita ce ke nuna shekarar da Fabrairu ke kwana 29, kamar 2024 da 2028, sai dai shekarun cikar ƙarni, waɗanda sai 400 ta shiga cikinsu: 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Tsohon Hedimasta, cikin Birni:

Salamu alaikum. Malam na Samaru ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Sai dai, 'yata, ina so in ja hankalinki ga wani abu da ban ga an taɓo ba, kuma a ganina shi ne tushen ciwon.

Dukkan waɗannan ƙa'idoji ba sa ba da amsa kai tsaye. Aikinsu shi ne su mayar da babban adadi ƙarami, sannan su bar yaro da ƙaramin. Ƙa'idar 4 za ta kai shi ga 76 ko 92 ta tsaya. Ƙa'idar 3 za ta kai shi ga 21 ko 27 ta tsaya. Idan yaron bai san cewa 3 sau 9 shi ne 27 ba sai ya zana sanduna a bayan littafi ya ƙirga, to ƙa'idar ba ta amfane shi da komai ba, kuma a irin wannan hali ne yake kama duk abin da ya yi masa kama da amsa, kamar ganin 3 a ƙarshen 23. Yaron da jadawalin sau uku ya zauna masa a ka, 21 da 24 zai ji a kunnensa, ya san babu 23 a tsakaninsu, ko an koya masa ƙa'ida ko ba a koya masa ba.

Don haka ban yarda a raina hadda ba. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san cewa ana riƙe abu da ka tun kafin a san fassararsa, fahimta kuma ta zo daga baya ta tarar da wurin zama. Abin da nake ƙi shi ne a haddace abin da bai cancanci hadda ba. Jadawalin ninkawa daga 2 zuwa 12 shi ne na hadda, ƙa'idojin kuma su ne na fahimta, amma abin da na sha gani a azuzuwa shi ne akasin haka. Kafin ki kwance ɗaurin tsintsiya ko guda, ki ɗauki minti biyar na farkon kowane darasi ki jarraba su da baki, ba a jere ba: 7 sau 4, 9 sau 6, 8 sau 3. Idan kika tarar rabin ajin suna inda-inda, to kin san inda za ki fara.

Ga wata 'yar dabara kuma ga masu rauni a kan 4: su raba lambobi biyun ƙarshe gida biyu, idan abin da ya fito cika ne, to 4 tana shiga. Rabin 76 shi ne 38, cika ne, ta shiga. Rabin 34 shi ne 17, mara ne, ba ta shiga ba.

Akanta, Sabon Gari:

Ni ba malami ba ne, amma ina da yara a sakandare, kuma ina so in ba Malama amsar da za ta ba duk yaron da ya ce mata ga kalkuleta a waya, me zai yi da wannan. A aikinmu, idan an rufe lissafin rana aka ga littafi da kuɗin hannu ba su daidaita ba, abu na farko da nake yi shi ne in duba bambancin ko 9 tana shiga cikinsa. Idan tana shiga, zatona na farko shi ne wani ya juya lambobi biyu wajen rubutu, ya sa 4,500 a maimakon 5,400, ko 38 a maimakon 83. Bambancin farko 900 ne, na biyu 45, duka 9 tana shiga. Dalilin shi ne wanda Malam ya bayyana: juya lambobi ba ya canza jimillarsu, don haka ragowarsu a kan 9 iri ɗaya ce, idan aka ɗebe ɗaya daga ɗaya kuwa ragowar ta tafi. Kalkuleta ba za ta gaya maka haka ba, abin da ka danna mata kawai take tarawa.

Da wannan hanyar ce kuma ake auna ninkawa. Idan yaro ya ce 347 sau 28 ya ba shi 9,716, sai ya tara lambobin 347 har su koma guda, ya sami 5. Na 28 ya sami 1. 5 sau 1 shi ne 5. Na 9,716 kuma ya sami 23, wato 5. Sun dace. Amma a gaya masa gaskiya cewa wannan awo yana kama kuskure ne, ba ya tabbatar da daidai, domin 9,176 ma zai tsallake shi.

Ɗalibin Ilimi, Gyallesu:

Assalamu alaikum. Malama, da yawa daga cikin ɗalibanki suna zuwa Islamiyya da yamma, kuma akwai wata ƙofa a can da za ki iya shigowa ta cikinta. A ilimin rabon gado, kason da aka ƙayyade su ne rabi, rubu'i (1/4), sumuni (1/8), sulusi biyu (2/3), sulusi (1/3) da sudusi (1/6), kuma saboda haka ne malaman fara'id, wato ilimin rabon gadon, suka ce asalin mas'aloli bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Duk mai wannan karatu yana neman ƙaramin adadin da kason magada za su fita daga cikinsa ba karaya, wanda shi ne abin da kuke koyarwa a aji da wani suna.

Misali, mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, saura na ɗan. Yaro zai yi gaggawar cewa 8 sau 6, wato 48, alhali 24 ta isa, domin 8 da 6 sun yi tarayya a 2. Daga 24, matar tana da 3, uwar 4, ɗan 17. Idan abin da za a raba ₦1,320,000 ne, ana iya sanin zai rabu gida 24 ba tare da an ɗauki alƙalami ba: jimillar lambobin 6 ce, 3 ta shiga, ƙarshensa sifili uku ne, 8 ta shiga. Kowane kaso ₦55,000 ne, matar ta sami ₦165,000, uwar ₦220,000, ɗan ₦935,000.

A nan akwai tarkon da ya kamata ki nuna musu tun da wuri. Idan sun koyi cewa 6 tana shiga duk adadin da 2 da 3 suka shiga, sai su ɗauka cewa 8 ma tana shiga duk wanda 2 da 4 suka shiga. Ki ba su 12 ko 20 su gwada. Haɗa ƙa'idoji biyu yana aiki ne kawai idan lambobin biyu ba su yi tarayya a komai ba sai 1. Saboda haka ana gwada 24 da 3 da 8, ba da 4 da 6 ba. Ana gwada 12 da 3 da 4, ba da 2 da 6 ba, domin 2 da 6 duk suna shiga 18, amma 12 ba ta shiga.

Malamar Lissafi, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Hedimasta, na karɓi gyaranka, zan fara da gwajin baki a darasi na gaba, in ga inda suka tsaya kafin in shiga aikin tsinkaye. Saura tambaya guda ga Malam na Samaru. Littafin da muke amfani da shi ya tsallake 7, kuma na san da zarar na raba ƙa'idojin gida biyu wani zai tambaye ni gidan da 7 take. Shin in koyar da ita da 11 a wannan matakin, ko in bar su sai gaba?

Malamin Lissafi, Samaru:

Malama, 11 ta cancanci darasi, 7 kuwa a ganina ba ta cancanci a sa ta a jarrabawa ba, ko da yake ya kamata ki tanadi amsa ga mai tambaya.

Ita 11 'yar gidan 9 ce. Idan mutum goma sha ɗaya za su raba goma, guda ɗaya ne ya gaza. Idan ɗari ce, kowa ya sami 9, guda ya yi saura. Idan dubu ce, guda ya sake gazawa, domin 1,001 ne ke rabuwa daidai. Saura da gazawa suna karɓa-karɓa daga gurbi zuwa gurbi, shi ya sa ake farawa daga dama a ɗebe, a tara, a ɗebe. A 2,728: 8 a ɗebe 2, a tara 7, a ɗebe 2, an sami 11, kuma lallai 11 sau 248 ne. Shekarar fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 1804, ita ma haka: 4 a ɗebe 0, a tara 8, a ɗebe 1, an sami 11. Su gwada 1914 da kansu. Ki tuna musu cewa idan sifili ya fito, shi ma shiga ce, kamar a 121.

Ƙa'idar 7 da aka fi sani ita ce a yanke lambar ƙarshe, a ninka ta biyu, a ɗebe daga abin da ya rage. A 364, an yanke 4, an ninka ta zama 8, an ɗebe daga 36, saura 28, don haka 7 tana shiga. Dalilinta yana cikin 21: abin da aka yi a ɓoye shi ne an ɗebe 21 sau 4, wato 84, daga 364, aka sami 280, aka jefar da sifilin. Ƙa'idar daidai take, amma a adadi mai lambobi huɗu ko biyar sai an maimaita ta sau da yawa, har raba adadin kai tsaye ya fi ta sauri, ga shi yaro yakan manta ko ɗebewa ake yi ko tarawa. Abin da na fi so in ba su a kan 7 shi ne wasa. Kowa ya zaɓi adadi mai lambobi uku ya rubuta shi sau biyu a jere, misali 485,485, ya raba da 7, ya raba abin da ya fito da 11, sannan da 13. Za a sami 69,355, sai 6,305, sai 485 da aka fara da shi, kuma babu wanda zai sami ragowa a duk ajin sai wanda ya yi kuskure. Sirrin shi ne 7 sau 11 sau 13 daidai yake da 1,001. A cikin wasan sun yi doguwar rabawa har sau uku ba tare da an tilasta musu ba, wanda nake jin zai faranta wa Baba Hedimasta rai.

Abu na ƙarshe da za ki kiyaye kafin ku shiga darasin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu: yara sukan ɗauka cewa adadin da ya tsallake duk ƙa'idojin da suka sani ba ya rabuwa da komai. Ki ba su 91, wanda 2, 3, 5 da 11 ba sa shiga, alhali 7 sau 13 ne. Ga masu ƙoƙarin ajin kuma ki ba su 1921, shekarar da aka kafa makarantar da ta zama Kwalejin Barewa, tun tana Katsina kafin a dawo da ita Zariya. Babu ɗaya daga 2 zuwa 13 da ke shiga cikinsa, sai sun kai 17 za su tarar cewa 17 sau 113 ne.